Kafin a auna hayaƙin gonar Kawu, a dubi jarkar da ke hannunsa

Makon jiya Kawuna ya shigo gari daga wajen Kware da wata takarda mai shafi shida a ninke cikin aljihun taguwarsa. Wata ƙungiya ce ta tara su a ɗakin taron wani otal, masu noman kankana da mangwaro da gwaiba, aka raba musu shinkafa a kwali da kuɗin mota, aka ce kowa ya je ya cike. Ana son sanin "sawun kabon" na gonarsa, wato yawan hayaƙin da nomansa ke turawa sama tun daga shuka har kaya su isa kasuwa. Ya shimfiɗa takardar a kan tabarma ya ɗora yatsa: "Kai da ka yi boko, mi za ni rubuta nan? Sun ce buhun taki nawa, litar mai nawa. In na hwaɗa musu, su za su saya mini?"

Dariya na yi a lokacin. Da na kwana da maganar sai dariyar ta koma haushi.

Ba na cikin masu cewa sauyin yanayi ƙirƙirar Turawa ce. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har ɗalibai suka koma shiga kwalekwale, ko ya tsaya a fadama da azahar a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, ba ya ɓata bakinsa a wannan musu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗauko ma'aunin da aka ƙera don manyan gonakin Turai, a zo a kara shi a jikin mutumin da duk dukiyarsa ba ta wuce kadada ɗaya da injin ban ruwa mai tari ba.

A dubi inda abin ya samo asali. Masu noman inabin da ake yin giya da shi suna cikin waɗanda suka fara wannan awo. Ba abin shanmu ba ne, Allah Ya tsare, amma ilimi ko a bakin wa aka ji shi ana ɗauka. A 2003 yankin Shamfen na Faransa ya zauna ya lissafa hayaƙin sana'arsa baki ɗaya. Da lissafi ya fito sai aka ga babban kason ba a gonar yake ba, yana jikin kwalba da sauran kayan ƙunshi, domin narka gilashi na cin wuta ba kaɗan ba. Me suka yi? Suka rage nauyin kwalbar daga giram 900 zuwa 835. Sun yi awo a matsayin ƙungiya, da kuɗinsu da masanansu, sun gano inda gizo ke saƙar, sun gyara. Ba su bi ƙananan manoma gida-gida da takarda mai shafi shida ba.

Waɗanda suka so bin kaya ɗaya bayan ɗaya kuwa sun sha ƙasa. Kantin Tesco na Ingila ya yi alkawari a 2007 cewa zai liƙa wa kowace haja alamar hayaƙinta. Zuwa 2012 ya janye, saboda aikin na cin watanni da kuɗi a kan haja guda. Abin da ya gagari kamfani mai rassa dubbai, shi ake son Kawu ya yi da fensir a gindin darbejiya.

Kuma wai hayaƙin nawa ne? Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Ɗan Najeriya ba ya kai tan ɗaya a shekara, Ba'amurke yana kusan tan 14. A cikin gida ma, dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin ƙarshen ƙona iskar gas a Neja Delta, ga shi har yau wutar na ci dare da rana. An bar jaki ana dukan taiki.

To mu ina kwalbarmu take? Ba sai an yi taro a otal ba. Ku bi fadamar Rima daga Goronyo zuwa Wurno da rani ku saurara. Ƙarar injin ban ruwa ce ko ta ina, kamar ana gasar babura. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na hayaƙin kabon. Kawu kan zuba lita biyar a ranar ban ruwa, kuma kankana ba ta san haƙuri ba, in ka yi mata fashi ita ma za ta yi maka. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000. Na ga Kawu yana karkata jarka a bakin tanki yana bubbuga gindinta don kada ɗigo ɗaya ya saura. Mutumin da ke haka ba ya buƙatar a wayar masa da kai kan rage ƙona mai. Talauci ya riga ya gama masa bita. Kakanninmu da jigo suke ɗebo ruwa, ba hayaƙi ba ƙara, sai ciwon baya; ba wanda ya ba su lambar yabo.

Abin da Kawu yake so, kuma ya faɗa da bakinsa, injin sola ne. Rana dai ba mu da ƙarancinta a Sakkwato, ita ce ma ke neman kashe mu. Waɗanda suka iya saye sun saya, kuma duk wanda ya wuce gonarsu ya ji shiru ruwa na gudu a kwari, ya san bambanci. Matsalar kuɗin farko ne, wanda ƙaramin manomi ba zai tara a kaka ɗaya ba. Ana cewa wai ruwan kyauta zai sa a zuƙe na ƙasa. Sai a fara ba su injin tukuna, mu ga ko mai kadada ɗaya ne zai ƙafar da Rima.

Kwalbarmu ta biyu ita ce ruɓewa. Duk wanda ya shiga kasuwa lokacin mangwaro ya san warin da nake nufi. A loda kankana a tirela a nufi Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ga shingaye ga lalacewar mota, kafin a isa kasuwar Mile 12 ta ƙasa ta zama ruwa. Duk man da aka ƙona da takin da aka zuba a kanta sun tashi a banza. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa abincin da ke lalacewa ko ake zubarwa yana da alhakin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Na duba takardar Kawu daga farko har ƙarshe, babu layi ɗaya da ya tambayi nawa ne ya ruɓe.

Taki kam an tambaya, kuma da gaskiyarsu, don yuriya kan saki wata iska da ta fi kabon riƙe zafi sau 270 da 'yan kai. Sai dai manomin da ke sayen taki a tiya yana binne shi da yatsa gindi-gindi ba shi ne mai almubazzaranci da shi ba.

Akwai masu raɗa wa manoma cewa in sun cike takardar nan gaba za a biya su "kuɗin kabon" da dala. Ni dai ban taɓa cin karo da manomin fadama da ya ga alat ɗin ba. Masu tsara takardar kuwa albashinsu ba ya latti.

Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa, Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a shekarar, an kafa majalisa a kai. Madalla. In da gaske ake, gwamnatin jiha da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima su fito da bashin injin sola da za a biya bayan girbi, a gina ɗakunan sanyi a manyan kasuwanni, a koya wa mata busar da mangwaro. In lallai sai an yi awo, a ba malaman aikin gona na jami'armu su auna gonaki ƙalilan su fitar da lissafin jiha duka, kamar yadda Faransawan suka yi. Kuɗin otal ɗin nan da shinkafar kwali kaɗai da sun sayi injin ko da biyu.

Na cike wa Kawu takardar dai, don an ce wanda bai mayar ba ba za a sa sunansa a "kashi na biyu" ba. A shafin ƙarshe akwai gurbin shawara. Na tambaye shi me zan rubuta, ya ce in sa lambar wayarsa da girman tiyon da injinsa ke ɗauka, inci biyu.