Mai ilimin harhaɗa magunguna ba ɗan kemis ba ne

Ku ji abin da aka yi wa wata yarinya da ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna. Maimakon a ce Allah ya sa albarka, sai manya da gemunsu suka hau ce mata wai likitanci ta nema ta rasa, wai shekara biyar za ta ɓata don ta ƙare da sayar da Panadol. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Jama'a, mai ilimin harhaɗa magunguna ba ɗan kemis ba ne. Shekara biyar ake yi a jami'a, masu sabon tsarin digirin ma shida. A gama a yi shekara guda ta sanin makamar aiki ƙarƙashin wanda ya ƙware, a zauna jarrabawar PCN, hukumar da ke kula da aikin harhaɗa magunguna a Najeriya, sannan a samu lasisi. Duk wannan don a miƙa Panadol? Shi ne fa mutum na ƙarshe da ke duba takardar likita kafin magani ya shiga cikinka. Shi zai lura an rubuta wa mai gyambon ciki diklofenak, maganin ciwon da ke iya tsananta gyambon, ko an ba jariri awon da ya fi ƙarfin nauyinsa, ko magani biyu da ba sa haɗuwa sun haɗu a takarda ɗaya, ya koma wa likita a gyara.

Wani zai ce ai ɗan kemis ɗin unguwarsu bai je jami'a ba kuma ya san magani. Ya san sunansa da farashinsa, Allah ya ƙara masa kasuwa. Abin da maganin ke yi wa hanta da ƙoda fa?

Mu da muka ga abin da rashin tsari ya jawo mana bai kamata mu raina wannan ilimi ba. A 2008 maganin haƙorin jarirai na My Pikin ya kashe yara sama da 80 saboda wani sinadari mai guba da ya shiga haɗin. A 2018 sai da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, bayan ya gama cinye mana samari da matan aure a Kano da kewaye. Wadda ta tsaya ta yaƙi jabun magunguna a NAFDAC tun daga 2001, marigayiya Dora Akunyili, abin da yarinyar nan za ta karanta shi ta karanta. Har harbinta aka yi yunƙurin yi a kan aikin. Ita ma mai sayar da Panadol ce?

Masu cewa ba kuɗi a ciki, ku bar zancen. Akwai asibiti, akwai masana'anta, akwai bincike da koyarwa, akwai buɗe kantinka da lasisinka.

Ƙanwata, ki riƙe karatunki da kyau, Allah ya ba ki sa'a.

Abin da ya kamata mu ɗaga murya a kai ma daban ne. Yara na gama karatun nan su zauna a gida wata da watanni suna neman inda za su yi shekarar sanin makamar aiki, gurbi ya yi kaɗan, wanda ba shi da hanya sai ya yi ta jira. Gwamnonin Arewa su buɗe gurabe a asibitocin jiha mana, su kuma biya yaran alawus ɗinsu a kan lokaci.