Manhajar da ba ta taɓa zama a ɗakin Monk ba

Makon jiya wani yaro mai ɗakin haɗa waƙoƙi ya turo mini sauti ta WhatsApp, ya ce in ji "jazz na zamani". Na tambaye shi wa ya kaɗa fiyanon, sai ya yi dariya. Layi biyu ya rubuta wa Suno, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai haɗa kiɗa, cikin minti ɗaya kiɗa ya fito. Ya ƙara da cewa zamanin zama a gaban maigida ana koyon sana'a ya wuce. Na daɗe ina jin irin wannan magana tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo harkar kiɗa, amma ranar ce ta tsaya mini a wuya, domin da safiyar nan ina sauraron Randy Weston, makaɗin fiyanon jazz ɗan Amurka.

An haifi Weston a Brooklyn a 1926, ya rasu a 2018 yana da shekara 92. Karon farko da ya ga Thelonious Monk, gwanin fiyanon jazz, Monk yana kaɗa fiyano ne a ƙungiyar Coleman Hawkins, kuma Weston da bakinsa ya sha faɗin cewa raina shi ya yi, yana ganin ya fi mutumin iya hannu. Da kunnensa ya buɗe sai ya nemi gidan Monk. Ya zauna sa'o'i yana jero tambayoyi, maigidan bai ce masa uffan ba, sai da zai tafi ya ba shi shawara ya riƙa sauraron kowane irin kiɗa, ya kuma sake dawowa. Da ya dawo, Monk ya zauna ya yi ta kaɗa masa. Karatun ke nan. Duk wanda ya taɓa zama ɗan amshi a bayan makaɗi ya san irinsa: shekaru kana ɗaukar kaya kana amsawa kafin a bar ka ka ja baiti ɗaya.

Daga Monk ya ɗauki jinkiri da barin gurbi tsakanin sauti, daga Duke Ellington ya ɗauki nauyin hannu. Sauran daga mahaifinsa ne, mabiyin Marcus Garvey, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata; mahaifin ne ya cusa masa cewa shi ɗan Afirka ne da aka haifa a Amurka. Shi ya sa in ka kasa kunne ga hannun hagun Weston a can ƙasan fiyano, sai ka rantse ganga ake bugawa. A 1960 ya naɗi faifan Uhuru Afrika, Melba Liston ta tsara, Langston Hughes ya rubuta baitoci, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta faifan. A 1961 ya sauka Legas, ya saba da makaɗin Najeriya Bobby Benson, har ya sa waƙar Benson ɗin, Niger Mambo, a faifansa na Highlife a 1963.

Abin da na fi so yaron nan ya ji shi ne labarin Maroko. Bayan wani rangadin kiɗa da ya yi a 1967, Weston ya tare a can, ya buɗe gidan kiɗa a Tanja, ya shiga cikin Gnawa, jikokin bayin da aka tsallaka Sahara da su, waɗanda har yau waƙoƙinsu ke ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Bahaushen da ya ji gimbirinsu mai tsirkiya uku da ƙarafan da suke kaɗawa a zaman dare, garaya da bori za su faɗo masa a rai. Daga waƙarsu ta Sidi Musa ya gina Blue Moses. Babbansu ya ce kada ya kaɗa ta a bainar jama'a, abin tsarki ne. Mutumin da duniya ta riga ta san sunansa ya haƙura har shekara guda, sai da aka yi masa izini. Wace manhaja ce za ta nemi izini? An zuba mata wahalar dubban makaɗa ba tare da an yi musu ko sallama ba, tana tauna tana furzarwa, mu kuma muna tafi muna cewa ƙirƙira.

Masu kare ta na cewa ta buɗe wa talaka ƙofa, kamar dai talauci ya taɓa hana Ɗan Maraya Jos girgiza ƙasa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Wasu kuma su ce ai haka aka yi wa fiyanon lantarki surutu da ya shigo ɗakunan naɗa waƙa na Kano. To, shi ma Weston an tilasta masa na lantarkin a faifan Blue Moses na 1972, faifan ya yi kasuwa fiye da sauran, amma bai taɓa ɓoye cewa sautin bai kwanta masa ba, kuma a 1991 ya sake naɗar waƙar da fiyanon katako. Ko ba komai, a wancan akwai yatsun mutum a kai.

Gidajen rediyonmu na da tsofaffin kasa-kasai da ƙura ke ci, su fito da su. Sassan koyar da kiɗa su kira sauran masu garaya da gurmi tun suna da rai. Yaron kuwa na tura masa Blue Moses ta 1991. Har yanzu alamar WhatsApp ba ta nuna ya buɗe ba.