Tsohon jirgin Badger da maganar tokarsa

Jiya wani abokina ya tsaya kai da fata wai zalunci aka yi wa jirgin Badger da aka hana shi zubar da tokar kwal a tafki, tunda kayan tarihi ne. Ban yarda ba, kuma ni na hau jirgin nan da ƙafata.

Ga wanda bai san shi ba, jirgin ruwa ne da ke fito da mutane da motoci a tafkin Michigan na Amurka, tsakanin garin Ludington da Manitowoc. Mil 60 ne, awa huɗu. A 1953 ya fara aiki, kuma ba don motoci aka ƙera shi ba, taragun jirgin ƙasa na kamfanin Chesapeake and Ohio yake haɗiyewa. Da harkar ta mutu aka ɗaure shi a 1990. Wani ɗan kasuwa, Charles Conrad, ya saye shi, ya dawo da shi ruwa a 1992. Yanzu yana ɗaukar mutum 600 da mota 180.

Har yau kwal yake ci. Tun kana kan layi za ka ji warin hayaƙin. Makullin mota ma ba a barinka da shi, ma'aikata ne ke shigar da ita ciki, kai kuwa ka hau sama ka sha iska. Na shafa ƙarfen gefen jirgin, yatsana ya fito da baƙi. Wallahi daɗi na ji, kamar na gaisa da kakana.

Amma wannan daɗin bai wanke tokar ba. Shekara da shekaru ana kwarara ta cikin ruwan da miliyoyin mutane ke sha. Hukumar kare muhalli ta matsa, aka yi ta kukan cewa jirgin zai mutu, garuruwan biyu su yi asara. Ina ya mutu? Aka kashe kuɗi aka saka masa na'urar tara toka, daga 2015 a tudu ake sauke ta. A 2016 ma aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Da an lallaɓa masu shi saboda tsufansa, da yanzu ana nan ana zuba.

Kuma abin da ke riƙe da shi ba tausayi ba ne. Direban babbar mota na biya ne don ya huta da zagaye tafkin ta birnin Chicago da cunkosonta.

Wanda ya ba ni tausayi shi ne ɗan'uwansa, jirgin Spartan. Tun 1979 yake ɗaure a Ludington, gab da inda Badger ke tashi. Injin irin nasu an daina ƙera shi, don haka in wani ƙarfe ya lalace a jikin Badger, a jikin Spartan ake zuwa a kwanto. Muna fita daga tashar na tsaya ina kallonsa, duk tsatsa, har ya ɓace mini.