A daina ɗora wa mata masu haihuwa laifin talaucin ƙasa

A watan Yulin 2025 gwamnatin Sin ta sanar cewa za ta riƙa biyan iyaye yuan 3,600 a shekara kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku, don dai a lallashi mutane su haihu. Wannan ita ce ƙasar da ta shafe shekara 35 tana hukunta ma'aurata saboda sun haifi ɗa na biyu. Na zaci labarin zai sa masu yi wa ƙasashe matalauta wa'azin rage haihuwa su sassauta murya. Ina! Har yanzu da zarar an tambayi wani minista ko masanin tattalin arziki dalilin da ya sa azuzuwa suka cika maƙil, asibitoci ba gado, matasa ba aiki, amsar a bakinsa take: jama'a sun yi yawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake kawo Sin a matsayin hujja, wai dokar ɗa guda ce ta fitar da ita daga talauci. A 1970 macen Sin tana haifar kusan 'ya'ya shida. Kafin a fara dokar a 1980 adadin ya riga ya sauko ƙasa da uku. Yawancin aikin an gama shi ke nan. Abin da dokar ta ƙara shi ne zubar da cikin dole, da rarar maza miliyoyi da ba su da matan aure, da ɗa guda mai ɗauke da iyaye biyu da kakanni huɗu. A 2022 yawan al'ummar ƙasar ya ragu a karon farko tun 1961. Indiya ma ta gwada ƙarfi lokacin dokar ta-ɓaci ta Firaminista Indira Gandhi, daga 1975 zuwa 1977, aka yi wa miliyoyin maza tiyatar hana haihuwa. A Peru, zamanin Shugaba Alberto Fujimori, mata sama da 200,000 aka ɗaure wa mahaifa, da yawansu ba su ma san me aka yi musu ba. A duka wuraren nan talaka aka kama, shi da ba ya da bakin ƙi.

Ku tsaya ku dubi matar da ake zargin. Ta haifi biyar, ta binne biyu kafin su yi wayo, ɗaya da gudawa, ɗaya da zazzaɓin da maganinsa bai taka kara ya karya ba. Ba ta da fansho, ba ta da inshora, ba ta taɓa shiga aji ba. Idan ƙarfinta ya ƙare, waɗannan ukun ne abincinta da maganinta. In jami'i ya zo da takarda yana ce mata 'ya'ya biyu sun isa, ita ce ta fi shi iya lissafi. Ta san mutuwa na iya sake zagayowa, shi kuwa 'ya'yansa suna da likita.

Bangladesh ta nuna abin da ke faruwa idan aka fara daga nan. A farkon shekarun 1970, cikin yara 1,000 sama da 200 ba sa kai shekara biyar, mace kuma tana haifar kusan bakwai. Sai aka ɗauki mata daga cikin ƙauyukan aka horar da su suna bi gida-gida, suna koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari, suna kawo maganin tazarar haihuwa ga wadda ta nema. Daga 1994 gwamnati ta riƙa ba 'yan matan karkara tallafi don su zauna a sakandare. Masana'antun ɗinki suka ɗauki ma'aikata kusan miliyan huɗu, akasari mata. Yau mutuwar yaran ta koma wajen 30 cikin 1,000, haihuwa ta koma kusan biyu, ba tare da an kafa dokar ƙayyade haihuwa ba. Tun a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Bukares a 1974, wakilin Indiya, Karan Singh, ya ce ci gaba shi ne mafi ingancin maganin hana haihuwa, taron Alƙahira na 1994 kuma ya yi watsi da tsarin gindaya wa ƙasashe adadin haihuwa. Sama da shekara talatin ke nan, amma wasu kamar ba su ji ba.

Su kuma masu cewa yawan jama'a arziki ne kawai, a bar komai yadda yake, romon baka suke yi. Saurayin da ba a koya wa karatu ko sana'a ba, ba ya zama arziki don an ƙirga shi. Bankin Raya Afirka ya ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ke shiga neman aiki a nahiyar duk shekara, guraben da ake samarwa na albashi kuwa kusan miliyan uku ne. Wannan giɓin ba a ɗakin haihuwa aka haƙa shi ba. Waɗanda suka kasa samar da wutar lantarki, suka ci kuɗin gina makarantu, suka ciwo bashin da ruwansa ya fi kasafin lafiya, su ne suka haƙa shi, kuma su ne suka fi kowa son zancen yawan jama'a, domin yana wanke su tas.

A raya yaran da aka haifa, a bar 'yan mata su gama sakandare, a ajiye maganin tazara a asibitin da ke kusa ga duk wadda take so. Ministan da bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya fara kawo mana bayanin inda kasafin bara ya shiga kafin ya tambayi wata mace 'ya'yanta nawa.