Rabin labarin kawai kuka kawo

Labarin da kuka kawo kan direbobin tseren motoci na Formula 1 ya ce Lewis Hamilton mai ladabi ne, Max Verstappen kuma ɗan taurin kai, amma an ɓoye rabi. Gaskiya ne a Abu Dabi a 2021, da kambu ya kuɓuce masa a zagayen ƙarshe, Hamilton ya daure ya miƙa wa Verstappen hannu. Ranar a gidan kallon unguwarmu a Garwa har masu yi masa ihu sai da suka yi tsit. To, tseren Silverstone na Birtaniya a shekarar fa? Motocinsu suka gogi juna, aka kai Verstappen asibiti, shi kuwa Hamilton duk da hukuncin daƙiƙa 10 ya ci tseren yana ta kaɗa tutar Birtaniya. Kai kuma ɗan'uwa mai cewa Max ba shi da mugunta, tuna Burazil a 2022: ƙungiyarsa ta ce ya ba abokin aikinsa Perez hanya, ya ƙi ƙememe, alhali ya riga ya lashe kambun. Perez ɗin nan ne fa ya tare masa Hamilton a Abu Dabi! Wannan ta fi ci min rai. Wanda ya yi wa abokin aikinsa haka, me abokin hamayya zai sa rai daga gare shi?