Bokanyar lambobi: sunan kwamfuta a Aislan

Jama'a, akwai wata kalma a harshen mutanen Aislan (Iceland, wata ƙasar tsibiri a arewacin Turai) da ta daɗe tana burge ni: tölva. Haka yaro da babba suke kiran kwamfuta a can.

Wani malamin adabi, Farfesa Sigurður Nordal, shi ya ƙirƙiro ta a 1965, jim kaɗan bayan Jami'ar Aislan ta samu kwamfutarta ta farko ƙirar kamfanin IBM. Ya ɗauko tala, wato lamba, ya haɗa da völva. Ita völva bokanya ce ta zamanin kakanninsu kafin zuwan Kiristanci, mace mai sanda a hannu, ana gayyatarta gida-gida, a shimfiɗa mata wurin zama na musamman, ta faɗa wa mutane abin da ke tafe. Ka ji fa, bokanyar lambobi! Wanda ya taɓa ganin hasashen yanayi ya fito daga na'ura zai ce malamin nan bai yi ƙarya ba.

Kafin nan wasu na cewa rafheili, ma'ana ƙwaƙwalwar lantarki. Ba ta yi ƙarko ba.

Ana yawan cewa kishin harshe ne ya sa tölva ta karɓu. Kishi kam suna da shi, ga su ba su kai rabin miliyan ba amma sun riƙe harshensu gam. Sai dai ni a ganina kishi ba ya zaunar da kalma a baki. Abin da ya taimaki tölva shi ne gajarta, gaɓa biyu kacal, kuma tana bin nahawunsu kamar tare aka haife su. Har ta hayayyafa: fartölva ga wadda ake yawo da ita, tölvupóstur ga imel. Wasu ma talva suke cewa, malaman makaranta na ta gyara musu. Kalmar da jama'a suka fara murɗa wa wuya, ai ta zama tasu.

Haka suka yi da tarho, suka tono tsohuwar kalma, sími, wato zare, kusan yadda muke cewa waya.

Mu ma muna da namu rafheili, wato "na'ura mai ƙwaƙwalwa". Hausa ce mai kyau, ana jin ta a labarun rediyo. Amma shiga shagon mai gyara ka ce masa na'urarka mai ƙwaƙwalwa ta ƙi tashi, kafin ka kai ƙarshe zai ce maka, "Alhaji, kwamfutar ce? Miƙo ta."