Kishin Asali Daban, Ƙin Wani Daban

A shekarun 1940, wasu mata da miji baƙar fata a Amurka, Kenneth da Mamie Clark, masana halayyar ɗan Adam, suka riƙa ajiye 'yan tsana farare da baƙaƙe a gaban yara baƙar fata. Wacce ce kyakkyawa? Mafi yawansu suka nuna fara. Wacce ce mummuna? Suka nuna baƙa. To wacce ce ta yi kama da kai? A nan wasu yaran suka fashe da kuka, suka fice daga ɗakin.

Duk lokacin da na ji ana cewa ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ma ai wariya ce, yaran nan nake tunawa. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, wadda aka kafa a 1909 bayan an far wa unguwannin baƙaƙe a birnin Springfield, ita ta kai binciken Clark gaban shari'a, har Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954. Akwai Turawa a cikin waɗanda suka kafa ta. Abin da take nema shi ne ɗan baƙar fata ya zauna aji ɗaya da kowa, uwarsa ta kaɗa ƙuri'a. Ku Klux Klan kuwa, ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata, ita ma da sunan kishin asali take fitowa, amma da igiya da wuta, don kada wani ya samu. Haɗa waɗannan biyu a kwano ɗaya rashin adalci ne.

Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, ya sha irin wannan zargi a Afirka ta Kudu, har daga bakin Turawan da ke tausaya wa baƙaƙe, saboda ya ce ɗalibai baƙar fata su kafa tasu ƙungiyar, su daina jiran wani ya yi magana a madadinsu. Mutumin da aka koya masa raina fatarsa tun yana goye, sai ya fara son kansa kafin ya iya ɗaga kai. Wanda ya ga yadda man bilicin ke ciniki a kasuwanninmu ya san ciwon bai warke ba. Biko ya rasu a hannun 'yan sanda ranar 12 ga Satumba, 1977, bayan an jefa shi tsirara a bayan mota aka kai shi Pretoria.

Sai dai masu fargabar kishin asali ba a banza suke fargaba ba, kuma mu a Najeriya mun gani. Ba laifi ba ne Afenifere ta Yarabawa ko Ohanaeze ta Ibo ko ACF ta 'yan Arewa su nema wa mutanensu hanya da makaranta da kujera a gwamnati. Amma ranar 6 ga Yuni, 2017, gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa ta tsaya a Kaduna ta ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. A wannan rana an tsallake iyaka, domin babu haƙƙin ɗan Arewa ko ɗaya da wannan kora za ta ƙwato. An janye wa'adin a watan Agusta, amma kafin nan mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano, wanda a nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar tawa, ya shafe makonni yana lissafin inda zai kai 'ya'yansa.